Gasar Hasashen Watan Maris: Lissafi da Kuɗi Sun Fi Surutun Masu Sharhi

Jama'a, duk shekara idan watan Maris ya kai tsakiya, Amurka kan shiga wani yanayi da su da kansu suka raɗa wa suna March Madness, wato haukan Maris. Gasar ƙwallon kwando ce ta jami'o'i, sili ɗaya ƙwale, ana gama ta cikin mako uku. Abin da ya sa ta shiga kowane gida da kowane ofis shi ne takardar hasashe: jadawalin wasannin ne baki ɗaya, kowa ya cika nasa tun daga zagayen farko har zuwa wanda zai ɗaga kofi, sannan a zauna a ga wa ya fi dacewa. Miliyoyin mutane ke cikawa. Barack Obama ma duk shekara a gaban kyamarar tashar wasanni ta ESPN yake cika tasa lokacin yana Fadar White House, kuma a 2009 ya dace da North Carolina. Yanzu abin ya iso guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, musamman na masu bibiyar NBA da 'yan uwanmu da ke karatu a can. Ra'ayina shi ne mafi yawan masu cikawa suna faɗuwa ne saboda sun saurari labari mai daɗi daga bakin masu sharhi, sun bar lissafin maki, sun kuma bar tambayar inda kuɗi ke tafiya.

Ga yadda tsarin yake. An fara gasar a 1939 da jami'o'i takwas. A 1985 aka kai 64, a 2011 aka mai da su 68. Kusan rabi suna samun gurbi ne kai tsaye saboda sun ci gasar rukuninsu, wato gungun jami'o'in da suka saba karawa da juna, sauran kuma kwamitin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ne ke zaɓo su ranar Lahadin da ake sanar da jadawali. A tsarin na 2011, takwas kan fara karawa a garin Dayton na jihar Ohio ranakun Talata da Laraba don a rage su koma 64. Daga nan sai a raba su shiyya huɗu, kowace shiyya jami'a 16, an jera su daga lamba 1 zuwa lamba 16 gwargwadon ƙarfi. Lamba 1 ta kara da 16, 2 da 15, 5 da 12, 8 da 9, haka dai. Wasa 63 ke nan za ka yi wa hasashe. In da tsabar kuɗi za ka riƙa jefawa sama kana zaɓe, damar ka dace da duka ita ce ɗaya cikin biliyan 9.2 sau biliyan ɗaya. Ko ga wanda ya san wasan, masana lissafi sun kimanta ta a ɗaya cikin biliyan 120 ko sama da haka. A 2014 attajiri Warren Buffett ya sa dala biliyan ɗaya ga duk wanda ya cika takarda ba kuskure, ba wanda ya ko kusanta. Mafi nisan da aka tabbatar shi ne na wani mutumin Ohio a 2019, wanda ya dace da wasa 49 a jere kafin ya karye. Saboda haka ka cire batun cika takarda tsaf daga ranka. Abin da kake nema shi ne ka wuce mutanen da kuke gasar tare.

Nan ne lissafi ya shigo, kuma nan ne nake so mu daɗe. A tsarin da aka fi amfani da shi, wasan zagayen farko maki 1 ne, na biyu 2, na uku 4, sannan 8, 16, wasan ƙarshe 32. ESPN kan ƙara sifili a gaba, amma duk ɗaya ne. Kowane zagaye jimillarsa 32, duka takardar 192. Ka lura da kyau: wasanni 32 na ranakun Alhamis da Juma'a, waɗanda mutane ke kwana suna musu a kansu, darajarsu gaba ɗaya daidai take da wasan ƙarshe shi kaɗai. Idan ka dace da zakara, jami'ar nan ita kaɗai ta kawo maka 1 da 2 da 4 da 8 da 16 da 32, wato 63, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan makin. Don haka cika takarda daga ƙarshe ake farawa. Ka fara tsai da zakara, sannan huɗun ƙarshe, sannan ka dawo baya. Wanda ya fara daga wasan farko yana bin zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya farga ya kai wata jami'ar da bai taɓa niyya ba har wasan kusa da na ƙarshe.

Wa za ka ba kofin? Daga 1985 zuwa 2025 masu lamba 1 ne suka ci fiye da rabin kofunan. Mafi ƙasƙancin lamba da ta taɓa ɗauka ita ce 8, Villanova a 1985, kuma a duk tsawon shekarun nan lamba 5 ba ta ci ko sau ɗaya ba. Amma kada wannan ya sa ka jera lamba 1 guda huɗu a zagayen kusa da na ƙarshe ka ce ka gama, don sau biyu kacal hakan ya faru, 2008 da 2025. Abin da ya fi shi ne ka duba yawan abokan gasarka. In ku goma sha biyar ne a guruf, ka tsaya kan manya, ka bar wasu su kashe kansu da ganganci. In ku ɗari biyar ne, zaɓen jami'ar da kowa ya zaɓa ba zai fisshe ka ba, domin ko ta ci, kai da mutum ɗari ne za ku samu maki iri ɗaya, sai a koma ana bambance ku da ƙananan wasanni. A irin wannan taro sai ka nemi jami'a mai ƙarfin gaske wadda mutane suka yi wa ko-in-kula, misali lamba 2 ko 3 wadda alƙaluma suka nuna ba ta da nisa da na gaba. ESPN da Yahoo suna nuna kason mutanen da suka zaɓi kowace jami'a kafin a rufe. Ka gwada wannan kaso da ainihin damarta, inda giɓin ya fi faɗi nan ribarka take.

Sai batun ba-zata, wanda shi ne abincin masu sharhi. Kowace shekara za ka ji ana nanata cewa lamba 12 kan doke lamba 5. Gaskiya ne, kusan sau ɗaya cikin uku. Amma ma'anar wannan ita ce sau biyu cikin uku lamba 5 ce ke ci. Idan ka zaɓi 12 ba tare da wani dalili na musamman ba, ka sayar da damar kashi 65 ka sayi ta kashi 35, kuma a kan maki ɗaya tak. Sai dai in dokar gasarku tana ba da ƙarin maki ga ba-zata, misali a ninka makin da lambar jami'ar, to a nan lissafin ya juya, lamba 11 da 12 sun zama kadara. Shi ya sa karanta dokar maki ya riga kallon kowane wasa. Wata ƙa'ida mai sauƙi kuma: ka yi ba-zatarka a inda ba za ta rushe maka gida ba. In dama kana ganin lamba 5 ɗin nan za ta fita a zagaye na biyu, to fitar da ita tun na farko asarar maki ɗaya ce kawai in ka kuskure.

Ba-zata kuma tana da alamomi, ba daga sama take faɗowa ba. Wasan maza na jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti ashirin-ashirin, kowane hari ba ya wuce daƙiƙa 30. Yawancin ƙungiyoyi kan samu hari tsakanin 60 zuwa 75 a wasa. Iya ƙarancin hare-hare, iya ƙarancin damar da babba ke da ita ta nuna fifikonta. Dubi Virginia a 2018. Ita ce lamba 1 a ƙasar baki ɗaya, amma salonta na jan ƙafa ne, ga shi De'Andre Hunter ya karye a wuyan hannu ana gab da farawa. Jami'ar UMBC, lamba 16, ta yi jifan nesa mai maki uku sau 24 ta ci 12, Virginia ta jefa 22 ta ci 4, UMBC ta yi nasara da 74 da 54. Ƙungiyar da ta saba tafiyar hawainiya, in aka ba ta tazarar maki goma sha biyar, ba ta da ƙafar da za ta bi sawu. A 2023 aka sake: Purdue ta dogara kacokan kan Zach Edey, dogon da ya haura mita biyu da santimita ashirin, sai Fairleigh Dickinson, wadda ita ce mafi gajartar 'yan wasa a duk manyan jami'o'in ƙasar, ta yi masa rumfa da mutum biyu zuwa uku, ta bar sauran su jefa daga nesa. Sun jefa 26, biyar suka shiga. Aka tashi 63 da 58.

To abin dubawa a jikin babba shi ne: tana jan wasa? 'Yan bayanta masu riƙe ƙwallo sababbin shiga ne da ke zubar da ita idan aka matsa musu? Tana da wanda ya ji rauni a makon ƙarshe? Yaya take a jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa laifi? Wannan na ƙarshen mutane na raina shi, alhali daga laifi na bakwai zuwa na tara a kowane rabi, sai ka ci jifan farko ake ba ka na biyu, kuma a minti biyun ƙarshe da gangan ake yi wa mai raunin jifa laifi. A jikin ƙarama kuwa ka nemi 'yan wasan da suka shekara uku ko huɗu tare, masu yawan jifan maki uku, masu ƙwace ƙwallo. Duk waɗannan suna nan a alƙaluman Ken Pomeroy, wanda ke auna makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a kowane hari ɗari, bayan an yi la'akari da ƙarfin abokan karawarta. Wannan ma'auni ya fi yawan nasarori faɗin gaskiya, domin cin wasa 28 a rukuni mai rauni ba ɗaya ba ne da cin 21 a rukuni mai ƙarfi irin SEC.

Ba ina cewa masu sharhi ba su san wasa ba ne. Da yawansu tsofaffin koci ne da 'yan wasa. Amma aikin da aka ɗauke su shi ne su riƙe ka a gaban talabijin, kuma "wannan ƙungiya ta uku ce a tsaro cikin hari ɗari" ba ya riƙe mai kallo kamar "yaran nan suna da zuciya, ga su da zafinsu". Kalmar zafi ɗin nan ta kashe takardu da yawa. Jami'a ta ci wasa huɗu cikin kwana huɗu a gasar rukuninta, sai a manta da wata huɗun da ta yi tana tangal-tangal. Wani lokacin zafin kan ɗore, kamar NC State da ta kai huɗun ƙarshe a 2024 tana lamba 11, kuma ita ake tunawa. Waɗanda suka zo da irin wannan zafi suka fita ranar farko ba mai ambatonsu. Akwai kuma son sunan da aka saba ji. Duke da Kentucky da Kansas kullum suna samun masu zaɓe fiye da ƙarfinsu na shekarar, don riga ake zaɓa.

Mu ma muna da irin wannan rauni, na son namu. Kuma akwai dalilin alfahari. Hakeem Olajuwon daga Legas ya zama gwarzon gasar 1983 duk da cewa Houston ta sha kashi a wasan ƙarshe a hannun NC State da 54 da 52. Adama Sanogo ɗan Mali ya ja UConn zuwa kofin 2023 yana azumin Ramadan, shi ma ya zama gwarzo. Rueben Chinyelu ɗan Najeriya yana cikin biyar ɗin farko na Florida da ta ci 2025. Ka goyi bayansu da dukan zuciyarka, amma takarda ka cika ta da alƙaluma.

Yanzu ga abin da ya canja komai, wanda mai hasashen da bai bi shi ba yana aiki ne da tsohuwar taswira. Gasar nan ita ce saniyar tatsar NCAA. A 2010 CBS da Turner suka sayi haƙƙin nuna ta kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 suka ƙara biliyan 8.8 har zuwa 2032. Kowane wasa da jami'a ta buga yana jawo wa rukuninta kimanin dala miliyan 2, ana biya cikin shekara shida. A jihohi da dama, kocin jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi albashi. Ɗalibin da ake kallo kuwa, shekara da shekaru guraben karatu kawai yake samu, in ya karɓi kuɗin sa hannu a riga a dakatar da shi. Ed O'Bannon na UCLA ya kai ƙara a 2009 bayan ya ga siffarsa a wasan bidiyo ba a biya shi ko sisi ba. Jihar California ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar cin kuɗi da sunansu a 2019. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yuli na shekarar ɗalibai suka sami damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: diyyar dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan baya, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Ina goyon bayan a biya su, ba tare da wani kwana-kwana ba. Wanda guminsa ke tara biliyoyi ya cancanci rabonsa. Amma sai a haɗa wannan da sauƙin sauya jami'a: daga 2021 ɗan wasa na iya komawa wata ba tare da zaman shekara guda a benci ba, daga 2024 kuma ba iyaka. Sakamakon shi ne ƙaramar jami'a ta zama gonar da manya ke girba. Saint Peter's ta kai takwas ɗin ƙarshe a 2022 tana lamba 15, cikin 'yan kwanaki kocinta Shaheen Holloway ya koma Seton Hall, taurarinta suka watse. Florida Atlantic ta kai huɗun ƙarshe a 2023, bayan shekara guda kocinta Dusty May ya tafi Michigan, Alijah Martin ya koma Florida ya ci kofi. Walter Clayton, gwarzon 2025, daga Iona ya zo. Johni Broome na Auburn daga Morehead State. A gasar 2025 ba lamba 13 zuwa 16 ko ɗaya da ta ci wasan zagayen farko, kuma duka goma sha shidan da suka rage bayan zagaye na biyu daga manyan rukunoni huɗu suke, bakwai daga SEC kaɗai. Shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, ga 2023 nan da ba lamba 1 ko ɗaya da ta kai takwas ɗin ƙarshe. Amma dalilin da ke sa ƙanana su yi ba-zata, wato daɗewa tare, shi ne ainihin abin da kasuwa ke cinyewa. Kafin ka zaɓi ƙaramar da ta burge bara, ka buɗe jerin 'yan wasanta ka ƙirga mutum nawa suka rage.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin yaranmu na Afirka. Bizar karatu ta taƙaita aikin da ɗalibi zai yi a cikin Amurka, don haka da yawansu ba sa iya yin tallan da abokan wasansu ke yi. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda ya zama gwarzon ƙasar baki ɗaya a Kentucky a 2022, sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas ya samu ya yi ayyukan tallansa. Gyaran wannan yana hannun majalisa da ma'aikatar shige da fice, kuma ba shi ne a gabansu ba.

Abin da ke gabansu shi ne iko. NCAA ta ɗauko tsohon gwamnan Massachusetts, Charlie Baker, ya shugabance ta a 2023, kuma ba don ƙwarewa a ƙwallo ba. Abu biyu take nema a majalisa: kariya daga ƙararrakin dokar hana babakere, da doka da za ta ce 'yan wasa ba ma'aikata ba ne. 'Yan ƙwallon kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris 2024 don kafa ƙungiyar ƙwadago, suka janye bayan zaɓen shugaban ƙasa ya sauya lissafi. Donald Trump ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa game da wasannin jami'a a Yulin 2025. A ganina duk dokar da za ta ƙayyade abin da ɗalibi zai samu, ba tare da ɗalibin ya zauna a teburin ciniki ba, alhali ba ta taɓa albashin koci, tsohon zalunci ne aka sake wa riga. 'Yan siyasa kuma sun san inda ƙuri'a take. Da aka bar Florida State a waje a gasar zari-rugar Amurkawa ta 2023 duk da ta ci wasanninta 13 ba faɗuwa, gwamnan Florida Ron DeSantis har ware dala miliyan ɗaya ya nema don shari'a.

Inda na fi tsayawa da ƙafa biyu shi ne caca. A Mayun 2018 Kotun Ƙoli ta soke dokar 1992 da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, yanzu fiye da jihohi talatin sun halatta. Kamfanonin caca su ma suna shirya gasar hasashe "kyauta", kuma abin da suke so shi ne lambar wayarka da adireshinka, ranar Juma'a takardarka ta mutu, sai saƙo ya shigo cewa ga damar farfaɗowa. Mu da muka ga abin da shagunan caca suka yi wa matasa a unguwanninmu ba ma buƙatar dogon bayani, ga kuma hukuncinta a addini a fili. Illarta ga wasan ma tsohuwa ce. A caca ba cin wasa kaɗai ake sa wa kuɗi ba, har da tazara. In an ce jami'a za ta ci da maki 12, sai a saye ɗan wasa ɗaya ya zubar da ƙwallo biyu, ya ɓarar da jifan kyauta, a ci da 8. Ƙungiya ta yi nasara, ba wanda ya lura, 'yan caca sun kwashe. Haka aka yi a City College ta New York, abin ya fashe a 1951, shekara guda bayan ta ci kofi. Haka a Boston College a kakar 1978 zuwa 1979, haka a Arizona State a 1994. Yanzu kuma har kan makin ɗalibi guda ake yin caca, yaro ɗan shekara 19 ya sauka daga fili ya tarar da zagi da barazana cike da wayarsa. Baker ya nemi jihohi su hana wannan nau'in a 2024, Ohio da Maryland da Louisiana suka hana. A wannan kam ina tare da shi, ya kamata sauran su bi.

Wanda zai shirya wa guruf ɗinsa, ya yi ta ba kuɗin shiga. In ana son kyauta, wani ya ba da ita daga aljihunsa, wanda ya ci ya ɗauka, ba a tara daga hannun masu gasa ba. A rubuta dokar maki a liƙa tun daren Lahadi, kada a taɓa ta bayan nan. Mutum ɗaya, takarda ɗaya. A yi ta mata ma, tsarinta iri ɗaya ne, kuma wasan ƙarshenta na 2024 tsakanin South Carolina da Iowa ya fi na maza masu kallo. Kowa ya rubuta jimillar makin da yake ganin za a ci a wasan ƙarshe don raba gardama in an yi kunnen doki, a kuma fayyace tun farko ko wanda ya zarce adadin ya fita ko mafi kusa ne kawai ake dubawa, don a nan rigima ta fi tashi. Wasan farko na ranar Alhamis kan fara jim kaɗan bayan ƙarfe biyar na yamma agogon Najeriya da Nijar, saboda haka a rufe karɓa ƙarfe huɗu, mai shiryawa ya tura hoton kowace takarda cikin guruf, har da tasa, kafin a jefa ƙwallo sama.